Ina Ruwan Mai Bi Da Gonar Maƙwabcinsa?



Akwai wata magana da ta zauna daram a bakinmu, mu masu bi da ke zaune a ƙasar Sakkwato, har yaranmu sun haddace ta ba tare da an koya musu ba. In aka yi shela a fito gayyar yashe rijiyar unguwa, sai maigida ya ce, "Ba ruwanmu, mu baƙi ne." In mai unguwa ya kira taro a kan lambatun da ya toshe, sai a aiki yaro ya ce Baba ba ya nan. In lokacin karɓar katin zaɓe ya zo, sai uwargida ta ce, "Mu nawa ne a garin nan da ƙuri'armu za ta yi wani abu?" Ni mai rubutun nan na yi shekaru ina faɗin haka. Ambaliya ce ta fara cire mini maganar daga baki, kututturen sabara kuma ya ƙarasa. Bari in ɗauko muku labarin daga tushe.

Sunan da ban rubuta ba

Mahaifina magini ne, mutumin ƙasar Malumfashi. Aikin madatsar ruwa ta Goronyo ya kawo shi gabashin Sakkwato, ina goye a bayan uwata. Da aka gama ginin a 1984 ma'aikata suka watse, shi kuwa ya zauna. A Taloka wani manomi, Musulmi, ya ba shi ɗaki a gidansa da 'yar gona a fadama, bai taɓa yanka masa kuɗin haya ba, sai abin da Baba ya kai masa da kaka don kunya. Ɗan wannan mutum tsarana ne. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka tsinci magarya, tare muka sha bulala ranar da muka bar jaki ya shiga albasar mutane. Shi ya gaji ubansa a noma. Ni na tafi makaranta, na sami difloma, yau ina koyarwa a wata makarantar ikkilisiya cikin birnin Sakkwato.

A watan Satumba na 2010 Gulbin Rima ya cika ya batse. Ruwa ya fi ƙarfin madatsa, ya malale bisa garuruwan Goronyo da Wurno, ya gangara har Sakkwato inda ya cinye gadar hanyar jami'a. Gero ya nuna ke nan ana shirin girbi. Gidajen ƙasa suka narke kamar gishiri, rumbuna suka kife.

Ikkilisiyarmu ta yi baiko na musamman. Aka tara hatsi, da tabarmi, da barguna, da tufafi. Zumuntar mata ta fi kowa ƙoƙari, kamar yadda ta saba. Aka naɗa ni magatakardan kwamitin rabo, watau ni ne mai rubuta sunayen waɗanda za a bai wa. Na ɗauki biro na rubuta gidajen masu bi da ruwa ya taɓa, ɗaya bayan ɗaya, na ja layi a ƙasa. Ba wanda ya hana ni ƙara wani suna, ni ne ban ƙara ba. Har aya na samo wa kaina, wadda ke cikin Galatiyawa sura 6, inda Manzo Bulus ya yi maganar kyautata wa iyalin bangaskiya. Ku buɗe ku duba. Kafin ya ambaci iyalin bangaskiya, sai da ya fara ambatar dukan mutane. Na karanta wutsiyar ayar, na tsallake kanta.

Bayan mako uku na je Taloka. Na tarar rumbunan abokina biyu sun tafi, ɗakin da aka raine ni ciki ya zama tudun laka, iyalin suna fake a wani aji na makaranta. Uwarsa, wadda ni ma Inna nake ce mata, ta gan ni ta ce, "Marhabin da ɗana, ka sha hanya." Ta aiki yarinya, can sai ga fura a ƙwarya. Daga baya na ji rancen kuɗin furar aka yi. Ba wanda ya tambaye ni abin da na kawo. Da sun tambaya, da ya fi mini sauƙi.

Tsoronmu ba na banza ba ne

Kada wani ya ce Malam ya manta inda muke zaune. Ban manta ba. Mu kaɗan ne a wannan ƙasa, a ƙauyukan Rabah da Wurno da Goronyo kuwa sai ka yi tafiyar yini ba ka ga majami'a ba. Wurno nan ne kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, Rabah nan aka haifi Sardauna. Ƙasa ce mai tarihinta, mai addininta, wanda kuma ya zauna cikinta tilas ya san yadda zai taka. Dukanmu muna tune da ranar 12 ga Mayu, 2022, da abin da ya sami Deborah Samuel a kwalejin horon malamai ta Shehu Shagari. Uwar da ta ja kunnen ɗanta ta ce ya riƙe bakinsa, ba ta yi laifi ba.

Amma riƙe baki dabam, naɗe hannu dabam. Sa'ad da 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo ran Lahadi, 17 ga Oktoba, 2021, suka kashe fiye da mutum 40, maƙwabtanmu ne suka kwanta, masu sayar mana da albasa da tafarnuwa. Mu nawa muka je gaisuwar ta'aziyya?

Akwai kuma wata koyarwa da muka gada, cewa sha'anin gari sha'anin duniya ne, mai bi na kirki ba ya kusantarsa. Gaskiya ne wasu Turawan mishan na dā ba su so mutanensu su shiga siyasa ba. Duk da haka su ɗin ne suka karɓi aikin jiyyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, wajen 1937, suna wanke gyambon mutanen da danginsu ma suka guje su. Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, likita na fari daga Arewa, mai bi ne, shi ne kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar ma'aikata masu ilimi, kafin ta zama jam'iyyar siyasa. Ko a zamaninmu ga Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ya zo Sakkwato a 2011, ya zauna kwamiti ɗaya da Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi, suka sa manyan 'yan takara hannu bisa alkawarin zaman lafiya kafin zaɓen 2015.

Sai dai in na kawo waɗannan sunaye a aji ko a sujada, na kan ga fuskokin mutane suna cewa, "To, su manya ne. Mu fa?" Shi ya sa labarin da na fi so in ba ku ba na manya ba ne. Na wani malamin gona ne da 'yar wuƙarsa.

Baturen da aka yi wa dariya a Maraɗi

Wanda ya tsaya bakin gulbi a wajenmu da damina, wani sashi na ruwan da ke wucewa gabansa ya zaga ta Nijar kafin ya iso. Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo Nijeriya ta ƙasar Gobir ya zuba cikin Rima. Ruwa ɗaya muke sha, harshe ɗaya muke yi, gero ɗaya muke shukawa cikin jigawa iri ɗaya.

A farkon 2019, kafin a rufe iyaka cikin Agusta, na raka wani ɗan'uwa ɗaurin aure can. Muka bi ta Illela, muka ƙetara Ƙonni, muka wuce Galmi inda asibitin mishan yake tun 1950, da Madawa, da Gidan Rumji. Rani ne tsantsa. Ni a zatona iyakar matsawarka arewa iyakar ƙaruwar fako. Sai na ga gonakinsu sun fi namu itatuwa nesa ba kusa ba. Ba daji ba ne, gonaki ne sosai, ga kunyoyi ga tushen kara, amma ko'ina ka duba ga kalgo, ga sabara ta tashi ta zama itace, ga gawo shar da ganye. Na tambayi wani dattijon ikkilisiya wanda ya sauke mu, wace gwamnati ce ta dasa musu. Ya yi dariya ya ce ba dashe ba ne. Daren nan ya ba ni labarin, daga baya kuma na nemi abin da aka rubuta a kai na karanta.

Tony Rinaudo mutumin Ostareliya ne, ya karanta aikin gona. Ya zo Nijar da matarsa a 1981, bai kai shekara 25 ba, ƙarƙashin mishan ta SIM, wadda ita ce ta haifi ECWA a nan wajenmu. Ƙasar Maraɗin da ya tarar ta zama tsirara. An daɗe ana koya wa manoma cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, ba ko tsiro. Noman gyaɗa ya ci daji, farin shekarun 1970 ya kashe abin da ya rage. Ga kuma doka tun ta zamanin Faransa wadda ta mai da itatuwa abin gwamnati. In itace ya girma a gonarka ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wane manomi ne zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Saboda haka kowa ya kan sare tsiro tun yana ƙarami, ya ƙone. Iska ta sami fili. Mutum ya yi shuka, rairayi ya binne ta ko ya yanke ta, ya sāke, ya kuma sākewa. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, watau takin da ya kamata ya koma gona.

Rinaudo ya yi abin da kowa ke yi a lokacin. Ya yi renon 'ya'yan itatuwa cikin leda, ya ɗora a mota, ya kai ƙauyuka aka dasa. Wanda akuya ba ta ci ba, gara ta ci. Wanda ya tsira daga gara, rana ta ƙone shi. Mu ma nan mun san wannan biki. Kowace shekara manya su zo da rakiya, a dasa, a zuba ruwa da buta sabuwa, a ɗauki hoto, bayan wata biyu sai sandar alama kaɗai ka tarar.

Shekara biyu yana wannan wahala har ya kusa haɗa kayansa ya koma gida. Wata rana a 1983 yana jan tirela cike da dashe, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyi saboda rairayi. Ya duba gabas da yamma, fili fetal. Bisa ga abin da shi kansa ya sha faɗi, nan ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya gafarta wa mutane yadda suka lalatar da kyautar halittarsa, ya kuma buɗe masa ido ya nuna masa abin yi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya wuce dubbai bai kula ba. Ya matsa ya dubi ganyen. Ashe ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare tun tuni, kututturen yana da rai, saiwarsa ta yi zurfi, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara ana sāke sare shi. Irinsa kuwa ga su nan birjik cikin kowace gona. Dajin da ake ta kashe kuɗi a dasa, ashe yana nan a ƙarƙashin ƙasa, jira yake a bar shi ya tashi.

Da na ji wannan, sai na tuna da Ayuba sura 14, inda bawan Allah cikin azabarsa ya kwatanta mutum da itacen da aka sare, ya ga itacen ya fi mutum sa zuciya, gama shi ya kan sāke toho in ya ji ƙanshin ruwa. Sau nawa na karanta wurin, ban taɓa zaton darasin aikin gona ne ba.

Dabarar ba ta da wuya, yaro ma zai iya. Lokacin sassabe, maimakon ka share tohon duka, sai ka zaɓi kututturen da kake so. Cikin tsiron da suka fito jikinsa ka bar masu ƙarfi, miƙaƙƙu, daga 1 zuwa 5, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsawonsu. Wuƙar ta zama mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Bayan 'yan watanni ka komo ka sāke gyarawa. Tun da saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, tsiron ya kan yi saurin da dashe ba zai taɓa yi ba. Mutanen can suka raɗa wa abin suna, sassabin zamani.

Ya fara da manoma ƙalilan. Aka yi musu dariya, aka ce Baturen nan mahaukaci ne, waɗanda suka bi shi kuma ragwaye ne da suka kasa share gona. Da tsiron suka ɗan tasa, wasu suka bi dare suka sare.

Sai ga 1984. Damina ta ƙi, yunwa ta sauka, wadda mutanen Nijar ke kira El Buhari domin ta zo daidai da lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta. Mishan ta samo hatsin agaji, aka shirya rabonsa bisa aiki a ƙauyuka wajen 100. Cikin sharuɗɗan akwai cewa manomi ya bar tsiro kamar 40 a kowace hekta. Ta haka itatuwa wajen 500,000 suka tsaya. Da yunwa ta wuce, rabon hatsi ya ƙare, mutane suka ɗauki gatari suka sare kamar kashi biyu cikin uku.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wani zai ji haushi. Ɗaura sharaɗi a bakin buhun hatsi abu ne mai hatsari, gama mai jin yunwa ba ya musu. Ka ce ya bar itace, zai bari. Ka ce ya zo sujada, zai zo. Amma zuciyarsa ba ta sa hannu ba, ranar da ya ƙoshi kuwa za ka ga gaskiyarsa. Sarewar nan da aka yi ta isa ta zama gargaɗi ga kowace ikkilisiya mai rabon agaji. Abin da ya ceci aikin Maraɗi shi ne 'yan tsirarun da suka ƙi sarewa, don sun gani da idonsu. Geronsu bai ragu ba, ya ma ƙaru. Iska ta daina binne shuka. Ganye ya zuba ya zama taki, dabbobi suka zo shan inuwa suka bar kashi. Matansu suka sami itacen girki a bakin gona, har da na sayarwa. Maƙwabci ya leƙo ya gani, bai bukaci wa'azi ba.

Ofishin gandun daji

Ga wurin da na fi so masu karatu su lura. Da mutumin nan ya tsaya ga addu'a da koyar da sara kaɗai, da aikin bai yi nisa ba, domin dokar tara tana nan. Sai ya yi abin da yawancinmu ke gudu. Ya tafi wurin hukuma. Shi baƙo ne, Kirista ne a ƙasar Musulmi, zamanin kuma na mulkin soja ne, Janar Seyni Kountché ke bisa kujera. Yana da kowane dalili na cewa ba ruwansa. Ya yi ta zirga-zirga wurin shugabannin gandun daji na Maraɗi, har suka yarda manomin da ya yi renon itace a gonarsa ya ci amfaninsa ba tara. Bai je neman fili don majami'a ba, bai je neman wata alfarma don masu bi ba. Ya je ne a kan haƙƙin talakawan da yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar majami'a ba.

Lokacin ma ya taimaka, gama a watan Mayu na 1984 gwamnatin Nijar ta yi babban taro a Maraɗi a kan hamada, kunnuwan ma'aikata a buɗe suke. Amma sai da wani ya je ya yi magana. Sannu a hankali dokar ƙasar ta bi sawun abin da manoma suka riga suka fara, aka gyara dokar daji a 2004, a 2020 kuma aka fitar da doka musamman mai tabbatar wa manomi itacen da ya rena.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999. Bayan tafiyarsa masana irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou, ɗan ƙasar, suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da na bayan 2000. Suka kimanta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kamar tan 500,000 a shekara. A 2018 aka ba shi wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ramukan taki.

Kada mu yi fahariyar da ba tamu ba. Bature ɗaya bai rena itace miliyan 200 ba. Manoma ne suka yi, Musulmi galibinsu, a wasu wurare kuma, kamar ƙasar Damagaram, barin gawo a gona al'ada ce ta kakanni da suka komo mata da kansu. Aikin kuma bai cika majami'u ba, bai kuwa saya wa masu bi kariya ba. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, itatuwan suna nan tsaye. Wanda zai yi wa gari hidima don a biya shi da tuba ko da tsaro, gara ya sani tun yanzu cinikin ba haka yake ba. Sa'ad da Annabi Irmiya ya rubuta wa bayin da aka kwashe zuwa Babila, a sura 29, ya umarce su su gina, su yi lambuna, su nemi lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi, su kuma yi masa addu'a. Bai yi musu alkawari Babilawa za su tuba ba. Su ɗin bayi ne na gaske. Mu da muke kiran kanmu baƙi, wasunmu a nan aka yanke mana cibiya.

Komawa Taloka

Ina dawowa daga Maraɗi, hutun Ista na zuwa, na sayi wuƙa biyu a kasuwa na nufi Taloka. Mutanen wajen ƙarfinsu yana fadama, wurin albasa da tafarnuwa da shinkafa, amma cin gida daga tudu yake fitowa, tudun kuwa ya tsufa. Na tarar da abokina yana sassabe, ya tara sabara zai sa wuta. Na zayyana masa abin da na gani. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, kai da alli ka saba, yau kuma noma za ka koya man? Wanga icce in an bar shi tsuntsaye za ya tara, su cinye man gero."

Maganarsa da gaskiya a ciki, ban kuwa iya amsa ta duka ba. Na ce ya ba ni kusurwa ɗaya kawai, in ta ɓaci in biya shi damin da ya rasa. Ya ce, "Don Baba na ba ka, ba don wayonka ba." Mahaifina yake nufi, wanda ya gina musu rumbunan da ruwa ya ci. Muka gyara kututture 10, sabara 6, kalgo 3, magarya 1. Na ɗaura wa kowanne tsumma ja.

Kafin wata biyu an sare 4. Ba mugunta ba ce, mata ne masu neman itace, a saninsu abin da ke tudu da rani na kowa ne. Nan na gane abin da ya kai Rinaudo ofis. Itace ba ya tsayawa da wuƙa kaɗai, sai da yardar jama'a. Abokina ya ce in da gaske nake, in zo mu je ƙofar mai unguwa. Gabana ya faɗi. Shekarata kusan 40 a lokacin, an raine ni a garin, amma ban taɓa zama taron dattawansa ba. Muka je bayan la'asar, na tuɓe takalmi, na durƙusa na yi gaisuwa. Wani tsoho ya dube ni ya ce, "Wanga ba ɗan magini ba ne? Ina ka shiga tun shekarar ruwa?" Na sunkuyar da kai.

Aka yi ta magana har kusan magariba. Wani ya kawo zancen makiyaya masu sassaka wa dabbobi reshe, wani ya ce matansa ba su da wani wurin samun itace, wani ya tuna zamanin da tsakanin garin da tudu duhuwa ce har ana jin tsoron kura. Ba a yi wata babbar doka ba. An dai yarda duk tsiron da aka ɗaura wa tsumma a bar shi, rassan da aka rage kuma a tara wa mata a bakin gona su ɗauka. Da aka tashi salla na koma gefe na zauna bisa turmi, na yi tawa addu'ar a zuci. Da suka idar aka kawo tuwo, muka ci akushi ɗaya.

Tun daga 2021 tafiya ta yi wuya. Akwai gonakin tudu masu nisa da mutane suka daina zuwa saboda 'yan bindiga, ni kuma uwargida ba ta barina in kama hanyar Goronyo sai ta ji labarin hanya daga bakin direba biyu. Yawancin zancenmu da abokina ya koma ta waya. A makaranta na sa 'yan aji 5 da 6 suka nemo kututture 7 a bayan katanga, kowane rukuni da nasa, muna aunawa da igiya a ƙarshen kowane zango muna rubutawa a bayan littafin rajista. Na kuma karɓi katin zaɓena, na raka uwargida ta karɓi nata, ko da yake har yanzu tana cewa mu nawa ne.

Makon jiya abokina ya kira ni da dare. Cikin 6 da suka tsira, akuya ta kashe 1 tun tuni, sauran 5 sun fi shi tsawo, magaryar har ta yi 'ya'ya. Ya gyara wasu 30 da kansa a gonar da ke kusa da gari. Ya ce tsuntsayen da ya faɗa sun zo kuwa, kada in yi zaton ya manta, akwai dami ɗaya da yake bina. Sa'an nan ya ce in zan zo hutun Kirsimati in taho da wuƙa uku, ƙanen matarsa na wajen Wurno yana so, Inna kuma ta ce a gaya mini magaryar farko tata ce, ta ajiye mini kaɗan a ƙwarya.